Goma da Huɗu a Jikin Bango

Passaic, New Jersey
18 ga Janairu, 2004

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Yaya ƙafa, yaya sukarin? Ni lafiyata lau, sai sanyi da ya sa mu gaba. Ƙanƙara ta toshe ƙofar gidan da muke haya, sai da shebur muka haƙa hanya. Busasshen naman da ka aiko ta hannun Donya Fidelia, mai kai-kawon saƙo tsakanin nan da gida, ya iso, na gode. Matan da muke ɗinki tare sun cinye rabi tun kafin in kai gida.

Baba, ka zauna kafin ka karanta sauran. Lauyata ta ce takardun zamana sun kusa fitowa, kuma da zarar sun fito zan iya fita ƙasar nan in dawo ba mai tare ni. Na kasa haƙuri, na je na yanki tikiti. Zan sauka a filin jirgin Birnin Mexico 10/4, ga shi nan a rubuce a gabana. Hutun sati biyu za su ba ni a wurin aiki.

Shekara goma sha biyu ke nan rabona da gida, ko jana'izar Mama ban gani ba. Da kana jin waya da bakina zan faɗa maka, amma na san ko na tsage maƙogwaro "eh, eh" kawai za ka ce ka ajiye.

Akwai abin da ban taɓa rubuta maka ba. Ranar da ka kai ni tashar bas a motarka Karibe, ba ka fito daga motar ba, ba ka kuma dube ni ba. Kana riƙe da sitiyari ka ce, "Tunda kin ƙi jin magana, je ki. Ranar da za ki dawo, da motar nan zan ɗauko ki." Har yau ban sani ba, alkawari ne ko baƙar magana. Na san motar ta daɗe da mutuwa, don haka kada ka ɗora wa kanka komai. Ni dai in gan ka.

Ka gaishe min da Kawu Leobardo.

'Yarka,
Otilia

Cholula, Puebla
2 ga Fabrairu

Tila,

Takardarki ta iso. Na karanta sau uku, na huɗun Leobardo ya ƙwace, wai tunda shi ya riƙe ki a baftisma yana da rabo a ciki. Lafiyata ƙalau, ƙafa tana nan inda kika bar ta. Talotalo biyu sun mutu, sauran suna gaishe ki.

Baƙar magana, in ji ki? Ni in na yi baƙar magana ba a shekara goma sha biyu ana tambayar ko ita ce. Alkawari ne. Kuma wa ya ce miki motar ta mutu? Ajiye ta na yi ranar da muka dawo daga binne uwarki, don ba ni da wurin zuwa. Ajiyewa daban, mutuwa daban.

Na ɗauki alli na rubuta 10/4 a bangon rumfa, sannan na yaye tamfol. Ba zan ɓoye miki ba, abin da na gani bai yi min daɗi ba. Talotalo sun mai da kujerar baya ɗakin haihuwa, ɓeraye sun cinye wayoyin wuta. Tsatsa ta huda ƙasan wajen direba har kina iya zura hannu ki ɗebo ƙasa. Inji ya ƙi motsi ko da na hau kan sifana. Leobardo ya zagaya ta sau biyu yana taɓe baki, ya zo dab da kunnena ya ce, "Tsoho, wannan ai sai dai a kira fada ya yi mata addu'ar ƙarshe."

Na ce, "Kai da aka yi wa taka tun bara, me ya hana ka tafiya?"

Ya ce, "Jira nake in ga ƙarshen taurin kanka."

Bai san shekara talatin na yi ina buga jikin irin motocin nan a masana'anta ba ne? Ai a can na baro kunnuwana. Wannan kuwa sabuwa fil na fito da ita a shekarar tamanin, kina 'yar shekara goma, kika yi mata amai tun ranar farko. Mun dai sauke injin da sarƙa a reshen fiyar tsakar gida, na jiƙa fistin da kananzir, na fara yanke ruɓaɓɓen ƙarfe.

Ga aikinki. Can wajenku Zomo suke ce wa irin motar nan, ban san me zomo ya yi musu ba. Ki je inda ake jibge gawar motoci ki nemo min sanduna biyun nan da ke riƙe ƙofar baya idan an ɗaga ta, da robar bakin ƙofar, a nan sun yi wuya. Yanzu da sandar tsintsiya nake tokare ta, kuma ba zan loda kayanki da tsintsiya a gaban mutanen birni ba.

Kin tambayi sukari. Likita ya ce ya fara tsiyayar min da jini a cikin ido, shi ya sa na dama yake gani dishi-dishi. Sun ba ni ranar aiki, 16 ga Maris. Wai bayan aikin sati shida ba ƙura, ba walda, ba tuƙi, kuma in ba a yi ba na hagun ma zai bi sahu. Kin dai san likitoci da tsoratarwa. Zan duba in ga yadda kwanakin za su kaya.

Babanki,
Bulmaro

Passaic
20 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko faɗan da ke ciki na yi kewarsa. Na yi mura amma ta sake ni.

Ga sandunanka biyu da robar, suna cikin jakar Donya Fidelia. Ranar Lahadi na je, cikin ƙanƙara. Mai wurin wani ƙaton Bature ne, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kayan Zomo? Mijinki ne ya aiko ki?" Na ce ubana ne, kuma ya fi shi sanin mota. Sai ya miƙo min sifana ya nuna min layin da take, wai 'yar gwani ta kwance da kanta. Na kuwa kwance, ko da yake yatsuna har yau ba su gama dawowa daidai ba.

Maganar ido ita ta tsaya min a rai. Me za ka duba? Ka je a yi aikin ranar da suka ba ka. Ka fi ni sanin yadda ake shan wuya kafin a samu rana a asibitin gwamnati. Sati shida ba wani abu ba ne, in ka warke sai ka koma kan motarka a tsanake, lokaci na nan birjik. Ni ban ga dalilin gaggawar da kake yi ba. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya yana rataye inji a reshen bishiya, in reshen ya karye fa?

Kuma don Allah ka saurare ni. In ma motar ba ta tashi ba, bas na nan, awa biyu ne zuwa Puebla, ban manta hanya ba. Ba sai ka zo tarbata ba.

Ka ce wa Kawu Leobardo na ɗora masa nauyin kai ka asibiti, ko da ɗaure ne.

Otilia

Cholula
17 ga Maris

Tila,

Kayan sun iso, sun zauna daram, ƙofar baya tana tashi da kanta ta tsaya. Sannu da yatsu. Ina nan lafiya.

"Lokaci na nan birjik." Da na karanta wannan sai na ɗauki takardar na je gaban kalanda na ƙirga da yatsa, ko ni ne na ruɗe. Daga sha shida ga Maris zuwa goma ga Afrilu kwana ashirin da biyar ne. Sati shida kwana arba'in da biyu ne. Ko lissafin ma a can daban ake yinsa? Sannan kika ce ba sai na zo tarbarki ba. In kunya kike ji a gan ki cikin tsohuwar mota da tsohon kurma, ki fito fili ki faɗa, ba sai kin bi ta bayan gida ba. Maganar ta yi min ciwo, kuma har yanzu tana yi.

Jiya ce ranar aikin, ban je ba. Leobardo ya zo da sassafe cikin rigarsa ta zuwa coci don ya raka ni, ya tarar da ƙafafuna kawai a waje, sauran jikina yana ƙarƙashin mota. Ya durƙusa ya ce, "Fito."

Na ce, "Miƙo min sifana mai lamba sha uku."

Ya ce, "Bulmaro, ba a sayar da ido a kasuwa."

Na ce, "Na dama ya riga ya yi nisa. Na hagu zai kai ni Afrilu, bayan nan su yi abin da suka ga dama da shi."

Ya zauna a kan taya, in ma ya ce wani abu ban ji ba. Daga baya ya tuɓe rigar ya rataye a reshe, ya miƙo sifanar. Asibiti sun ce tunda na ƙi zuwa sai Agusta, in da rabo.

An gama walda, an ja sabbin wayoyi. Ranar Juma'a injin ya tashi. Ban ji ƙararsa ba, amma na ɗora tafin hannu a kan bonet na ji yana rawa daidai, ba tuntuɓe. Na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Abu ɗaya ne ya ba ni tsoro. Shekaranjiya na fita gwada ta a gangaren bayan coci, na taka birki ya tafi har ƙasa. Allah ya sa ba kowa a hanya, na karkatar da ita cikin gonar masarar Leobardo ta tsaya. Bututun man birki ne ya tsage. Ni na wanke bututun nan da hannuna, na duba shi a rana, na mayar. Leobardo ya ce tsagar a fili take, ko daga tsaye ana hango ta. Ni ban gan ta ba. Yanzu duk abin da na ɗaura sai ya bi bayana ya duba, yana duba yana zagina.

Saura fenti. Ba ki faɗi ƙarfe nawa jirgin zai sauka ba. Goma ga Afrilu Asabar ce ta jajibirin Ista, hanya za ta cika, don haka tun asuba zan tashi in jira ki a ƙofar fitowa.

Babanki

Cholula
11 ga Afrilu

Otilia,

Ina fatan kina lafiya, tunda ban ji an ce wani jirgi ya faɗi ba.

Fenti ya bushe ranar Alhamis, kore, irin nata na asali. Jiya ƙarfe shida muka tashi. Motar ta hau dutsen Rio Frio ko zafi ba ta yi ba, manyan motoci muka riƙa wucewa. Ƙarfe tara ina tsaye a ƙofar da masu zuwa daga waje suke fitowa, Leobardo yana bayana rungume da tukunyar tamal, dafaffen ƙullin masarar nan cikin ganye, da matarsa ta yi miki, an naɗe ta da tawul kada ta huce.

Jirage huɗu suka sauka daga wajenku. Duk macen da ta fito sai na dube ta da kyau, don ban san yadda shekara goma sha biyu ta mai da ke ba. Wata ta fito tana tafiya irin ta uwarki, na riƙo hannunta na ce "Tila." Mijinta ya ture ni har hulata ta faɗi, ya faɗi wata magana da na gode Allah ban ji ba. Leobardo ya je wurin masu tikiti ya tambaya, suka ce ba sa faɗin sunan fasinja. Da rana ta yi ya ce, "Zauna mana, ƙafarka ta kumbura." Na ce in na zauna kika wuce fa?

Ƙarfe shida na yamma ya ja ni, don ya san ba na gani in duhu ya fara, shi kuma bai iya tuƙi ba. Magariba ta same mu a kan dutse. Fitilun motocin da ke tahowa suka riƙa bajewa a idona, layin titi ya ɓace. Leobardo ya manna bakinsa a kunnena yana cewa dama, dama, hagu kaɗan, har muka sauka. Da muka iso gida ya fita ya yi amai a gindin fiya. Tamal ɗin talotalo suka ci.

An ce Fidelia tana kwance tun Maris, ban sani ba ko takardata ta baya ta iso ki. Ko ba ta iso ba, ai ke kika sa ranar da hannunki. Ba na tambayarki dalili. Lokacin da uwarki ta rasu kin ce takardu, na yarda. Yanzu ban san me za ki ce ba, kuma ba na son ji. Yau Ista, ana ta wasan wuta a gari, ni na mayar da tamfol.

Bulmaro Tepox

Passaic
7 ga Mayu

Baba,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yau Donya Fidelia ta iso, tiyata aka yi mata, ta ba ni takardunka biyu a haɗe. A bakin titi na karanta su, na kasa tashi.

Baba, ba Afrilu ba ne. Huɗu ga Oktoba ne. A nan wata suke fara rubutawa, sannan rana, goman nan ita ce watan. Daga jikin tikiti na kwafa. Shekara goma sha biyu ina cike musu takardu haka, hannuna ya saba, ko kaɗan ban lura ba. Da na ce lokaci na nan, wata bakwai nake hange. Da na ce ba sai ka zo ba, idonka nake ji wa tsoro. Ni in ji kunyarka? Ni da na kwanta cikin ƙanƙara ina kwance maka ƙarfe ina alfahari?

Laifina ne, ba na neman inda zan raɓa shi. Kalma ɗaya da na rubuta da haruffa da yanzu an yi maka aiki ka warke. Ka tsaya awa tara a kan ƙafar nan, wani ya ture ka, ni kuwa ina nan ina ɗinkin labule ban san komai ba.

Na je wurin lauya daga nan. Ta ce in na fita kafin katin zaman ya fito, shari'ar ta mutu, kuma shekara goma ba zan sake shigowa ba. Na ce mata na ji. Ka ce in zo kawai, a satin nan zan taso, su riƙe katinsu. Kafin nan ka koma asibiti ka gaya musu komai, kada ka jira Agusta. Ka yi min faɗa, ka zage ni, amma ka rubuto.

'Yarka,
Tila

Passaic
1 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa, ko ba za ka amsa ba. Donya Fidelia ta je ta dawo hannu wofi. Na kira Kawu Leobardo a waya, ya ce ya faɗa maka maganar watan a kunne har sau biyu, ka ce "eh, eh" ka shige ɗaki. Na tambaye shi idonka, ya ce kai za ka faɗa min da kanka, ya hau zancen ruwan sama. Na san Kawu, ba ya kauce wa magana sai in ba ta da daɗi.

In ban ga rubutunka a zuwanta na gaba ba, zan ɗauka ka ce in zo.

Tila

Cholula
20 ga Yuni

Tila,

Kada ki yi mamakin girman rubutun nan, da fensirin kafinta nake yi, shafi huɗu ya ci. Jikina lafiya. Ƙafa ta sabe.

Shirun da kika ji, sati biyu fushi ne, sauran kuwa ido ne. A tsakiyar Mayu na tashi da safe na ga kamar an zuba baƙin mai a na hagun. Leobardo ya kai ni, suka karɓe ni a ranar, ashe in abu ya ɓaci ba a bin layi. Sun tsayar da jinin. Abin da ya rage min ɗan tsakiya ne, kamar mai leƙe ta ramin makulli, na dama kuwa ya tafi. Da gilashin ƙara girma na karanta takardunki, layi-layi, don na ƙi yarda Leobardo ya karanta min kukan 'yata da muryarsa ta jaki.

Da na gama na fita na tsaya gaban bangon nan. Goma da huɗu suna nan yadda na rubuta su. Na yi dariya har Leobardo ya leƙo ta katanga ya ce, "Shi ke nan, kan ma ya tafi." Bayan dariyar na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Kin ce lokaci na nan, da na tambaye ki wane lokaci, da an wuce wurin. Ni kuma gara in yi fushi da in yi tambaya, haka uwarki ta sha fama da ni.

Yanzu ki buɗe kunne, tunda naki suna aiki. Ba za ki zo ba sai katin nan ya shiga hannunki. Na zubar da ido a kan lissafin banza, ba za ki zubar da shekara goma sha biyu a bi bayansa ba. In kika taso kafin Oktoba, ƙofar gidan nan a kulle za ki same ta, kuma kin san ni.

Tuƙi ya ƙare min, likita ya faɗa kuma wannan karon ban yi musu ba. Na sake yaye tamfol, kullum da safe ina tada ta ta yi zafi. Surukin Leobardo zai kai mu filin jirgi, ke za ki tuƙo mu gida. Giya ta biyu tana da gardama, sai kin lallaɓa ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki fensir. Ranar Asabar ɗin nan ta filin jirgi idona na hagu tangaran yake. Na dubi fuskokin mata sun fi ɗari biyar, wasu har yanzu ina iya zana miki su. Taki ce ban sani ba. Hotunan da kike aikowa duk kina can nesa cikin mutane, da hula da ƙatuwar riga, ko da gilashin ba na samo ki. Gobe ki je wurin mai hoto ya ɗauki fuskarki ita kaɗai, ya wanke ta babba, girman kalanda. Ban da hula, ban da kwalliya, in akwai furfura a bar min ita.

Fidelia za ta taso daga wajenku biyu ga Yuli. Yuli, watan bakwai, ga shi na rubuta da haruffa. Ki ba ta hannu da hannu. Kada ki bari sai tafiyarta ta gaba, likita bai ba ni tabbacin idon zai kai Agusta ba.

Babanki